Ƙas ɗaya take yi ta yi shiru: me ke hana motata tashi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce a Zariya, ina da Toyota Corolla ƙirar 2006, otomatik. Kusan wata biyu ke nan tana ba ni wahala wajen tashi, musamman da sassafe. In na murɗa makulli fitilun gaban direba duk suna kamawa, sai in ji "ƙas" sau ɗaya, shi ke nan. Wani lokaci in na maimaita sau biyar ko shida sai ta tashi kamar ba ita ba. Na sayi sabon batir, ta yi kwana goma lafiya, ta koma gidan jiya. Bakanike na farko ya ce famfon mai ne, na biyu ya ce ƙwaƙwalwar motar ce ta fara taɓuwa. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki bi ko ɗaya daga cikinsu tukuna, kuma kada ki sake fitar da ko sisi wajen sayen kaya sai an gwada abin da zan faɗa miki. Wannan ƙas ɗin da kika ambata ya riga ya yi mana rabin aikin, domin ya nuna injin bai ma juya ba. Famfon mai ba shi ke juya inji ba. Ko da tankinki a bushe yake ƙayau, ko an ciro famfon an ajiye a ƙasa, in kin murɗa makulli injin zai yi ta juyi, wur-wur-wur, sai dai ba zai kama ba. Ƙwaƙwalwar mota kuwa, wadda 'yan gareji ke ce wa biren bokis, aikinta raba mai da wuta ne bayan injin ya soma juyawa. A irin motarki mai makullin murɗawa, saƙon tashi daga makulli yake fitowa, ya bi ta wani ɗan makunni da ke jikin giya, ya bi ta rile, wato ɗan makunnin da wuta ke kunnawa, ya isa ga kik, mashin ɗin da ke juya inji ya tashi. Wanda ya ce miki famfo ko ƙwaƙwalwa a kan ƙas ɗaya, ya bar jaki yana dukan taiki.

A Kaduna na koyi wannan sana'a, zamanin da Peugeot 504 ta cika gari, ga kamfanin haɗa ta nan a Kakuri yana aiki tun 1975. Maigidanmu ba ya barin yaro ya ɗauki sifana sai ya fara amsa masa tambaya ɗaya: "Me ta ce?" Wato da ka murɗa makulli, wane ƙara ka ji. In ka ce masa "ta ƙi tashi ne kawai", sai ya kora ka ka koma ka saurara. Ƙin tashi gida biyu ne. Akwai motar da injinta ba ya juyawa, akwai wadda yake juyawa amma ba ya kamawa. Abin da ke jawo na farko daban, na biyu daban, kuma yawancin kuɗin da mutane ke zubarwa a gareji wajen haɗa biyun nan ake zubar da su. Taki tana gidan farko.

A wannan gidan ma ƙara iri-iri ne. In kin murɗa makulli ba fitila ba ƙara, duhu ɗum, to batir ya mutu murus, ko kansa ya kwance, ko babban fiyus ya ƙone. In fitilu sun kama amma shiru kike ji, ki taka birki ki mayar da giya N ki sake gwadawa. In ta tashi a nan, makunnin nan na jikin giya ne, wanda aka sa domin kada mota ta tashi tana cikin D ta yi tsalle. In kuwa ƙas-ƙas-ƙas-ƙas kike ji da sauri kamar keken ɗinki, fitilu suna ƙyaftawa tare da shi, wannan kukan batir ne mai rauni: yana da ƙarfin da zai ja solinoyid, makunnin da ke jikin kik, amma da kik ya nemi wuta mai yawa sai ƙarfin ya faɗi, solinoyid ya saki, ƙarfin ya dawo, ya sake ja, haka dai. Akwai kuma nishi, wuu... wuu..., injin yana juyawa da ƙyar kamar wanda aka tasa daga barci. Shi ma batir ne galibi, ko kik ɗin da ya gaji yana jan wuta fiye da ƙima. Sai wanda za ki ji kik yana gudu fiii shi kaɗai bai taɓa injin ba, ko yana gurzar ƙarfe. Wannan ɗan haƙorin kik ne bai shiga haƙoran filawil ba, wato babban faifan ƙarfen da ke bayan inji.

Naki ƙas ɗaya ne, ga shi kuma in an nace sai ta tashi. Ga gwajin da ba ya buƙatar komai sai bango. Gobe da asuba, kafin ki taɓa makulli, ki kunna fitilun gaba su haska bangon gida, sannan ki murɗa kina kallon hasken. In ya dushe sosai har ya kusa mutuwa, wuta ce ba ta isa: batir, ko kan batir, ko manyan wayoyi. In kuwa hasken bai ko girgiza ba, ga ƙas an ji, to wutar tana nan a batir, hanyar shiga cikin kik ɗin ce a toshe. Ki kuma lura da inda ƙarar ke fitowa. Ɗan siririn ƙas daga akwatin fiyus na rile ne. Ƙas mai nauyi daga ƙasan inji na solinoyid ne.

Bari in tsaya a kan solinoyid ɗin nan, domin shi na fi zargi. Ɗan gwangwani ne a jikin kik, aikinsa biyu. Yana tura ɗan haƙorin kik ya shiga filawil, kuma a daidai lokacin yana haɗa babbar wutar batir da mashin ɗin kik. Kik na ƙaramar mota irin taki yana jan amfiya fiye da 100 a lokacin tashi, wutar da makulli ba zai iya ɗauka ba, shi ya sa aka ba solinoyid aikin. A cikinsa akwai 'yan ƙarafan tagulla guda biyu da wani faifan tagulla da ke bugowa ya haɗa su. Duk tashin da mota ta yi, tartsatsi yana ɗan cin tagullar nan. Shekara da shekaru, sai ɗaya ya zaizaye ya yi rami, faifan ya riƙa sauka a karkace. Ƙas ɗin da kike ji saukar faifan ne, amma bai taɓa wuri mai kyau ba. Da kika maimaita sau biyar, faifan yana ɗan juyawa a kowane bugu har ya dace da inda zai haɗa, sai ki ga ta tashi garau. Kik ɗin Denso da ke kan Toyota da yawa sanannu ne da wannan ciwo in sun tsufa, kuma in ban da shi kik ne masu ƙarko. Maganinsa a sauke kik, a buɗe murfin bayan solinoyid, a canza tagullar da faifan. Mai wayarin da ya san hannunsa ba zai wuce awa biyu ba. Ba na ba ki shawarar ki ruga Panteka ko Ƙofar Ruwa ki sayo kik Beljiyam sukutum, domin shi ma daga jikin motar da ta yi shekarun taki aka ciro shi, tagullarsa ba lalle ta fi taki ba. Sai a sayar da kare a sayi biri.

Ɗan'uwan wannan ciwo shi ne ƙarewar burushin kik, 'yan gawayin nan da ke shafar abin da ke juyawa a ciki. Shi ne dalilin da za ki ga direban tasi ya sa yaro ya riƙe makulli shi kuma ya ƙwanƙwasa kik da sifana, mota ta tashi. Dabara ce ta fitar da kai daga daji, kuma shaida ce mai kyau: in ƙwanƙwasawa ta tayar da ita, an kama mai laifi. Amma a hankali ake yi, domin kik na zamani da yawa akwai maganaɗisu a cikinsu, bugu mai ƙarfi yana fasa shi.

To me ya sa sabon batir ya ba ki kwana goma? Hanya uku ce. Ta farko, sabon batir cike yake taf, ƙarfinsa ya iya ƙetare tagullar da ta ci wuta na ɗan lokaci. Ta biyu, wajen canza batir dole an kwance kawunansa an sake ɗaurewa, wataƙila dattin da ke wurin ya ɗan kau, daga baya ya dawo. Ta uku, altaneto, na'urar da ke cajin batir in injin yana aiki, ba ya caji yadda ya kamata, ko wani abu yana shan batir da dare, sai sabon ya yi ta raguwa har ya kai inda tsohon ya tsaya. Ba a raba ukun nan da baki, sai da mita. 'Yar mitar gwada wuta ta hannu, irin wadda masu gyaran rediyo da masu sola ke riƙewa, ta isa, kuma ba ta da tsada.

Ga lambobin da za ki riƙe. Batirin mota ɗaki shida ne a ciki, kowanne yana ba da bolt 2.1 ko kusa da haka. Batir mai lafiya da ya kwana bai yi aiki ba zai nuna 12.6. In ya nuna 12.4 ya ɗan sauka amma zai yi aiki, 12.2 rabi ke nan, ƙasa da 12.0 kuwa kusan fanko ne, ko da yake a ido ragin kaɗan ne. Sannan a bar mitar a jiki a murɗa makulli. Lokacin da kik ke juya inji, lambar za ta faɗi, amma bai kamata ta sauka ƙasa da 9.6 ba. Batir na iya nuna 12.6 a zaune, da an ɗora masa kaya ya zube zuwa 7. Wannan ya gama yawo, caji ba zai tashe shi ba. In kuwa an ji ƙas lambar ta tsaya cak a 12 da wani abu, mun koma kan solinoyid ko waya. Bayan mota ta tashi, mitar ta nuna tsakanin 13.5 da 14.5. A kunna fitilu da na'urar sanyaya mota, kada ta sauka ƙasa da 13. In ta tsaya a 12 da 'yan kai injin yana aiki, altaneto ba ya ba da komai, ko fambel ya saki. Ki duba kuma ko jar fitilar nan mai hoton batir tana kamawa in kin buɗe makulli, ta mutu in mota ta tashi. Na sha ganin motar da aka cire wa ƙwan fitilar gargaɗi kafin a sayar da ita.

Mai shan batir da dare shi ma mita ke kama shi. A kashe komai, a rufe ƙofofi, a jira motar ta yi barci na wasu mintuna, a sa mitar tsakanin baƙin kan batir da wayarsa. Abin da mota ke sha a kwance bai kamata ya wuce miliamfiya 50 ba. In ya zarce, a riƙa zare fiyus ɗaya-ɗaya har lambar ta faɗi. Galibi abin da aka ƙara wa motar ne daga baya: na'urar bin sawu, rediyo mai allo da aka jona kai tsaye, amfilifaya, ko fitilar but da ba ta mutuwa in an rufe.

Kin ce da sassafe ta fi yi, ga ki kuma a Zariya. Sanyin hunturu yana rage kuzarin batir, yana kuma sa baƙin mai ya yi kauri, injin ya ƙara nauyin juyawa. Amma mutane suna ɗora wa sanyi laifin da ba nasa ba. Zafin Maris da Afrilu ne ke kashe batir a ƙasarmu, yana ƙafar da ruwansa yana cin farantan ciki. Sanyin Disamba tona asiri kawai yake yi.

Kan batir kuwa, ki buɗe bonet ki gani da idonki. Ki kama kowanne ki murɗa da hannu. In ya motsa, ga laifi nan. In kin ga farin gari ko kore-kore ya taru kamar gishiri, shi ma yana tare wuta. Na taɓa zuwa ɗauko wata mota da aka yi mata batir biyu cikin wata ɗaya, na tarar an cusa ƙusa da guntun gwangwanin lemo tsakanin kan batir da maɗaurinsa domin ya kama. Rediyo na yi, hon na yi, domin su wuta kaɗan suke so, amma kik na neman nasa sai wurin ya yi zafi ya yanke. Sabon maɗauri kawai muka sa. Wajen wankewa, a fara kwance baƙin kai mai alamar ragi, shi ne kuma na ƙarshe wajen mayarwa. Ruwan ɗumi da aka jiƙa 'yar kanwa a ciki yana kashe kaifin asid ɗin, za ki ga yana kumfa. A dai kula kada ya shiga cikin batir. A goge da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, a ɗaure tam, a shafa ɗan giris a sama. Kada a manta da ɗaya bakin baƙar wayar, inda aka ɗaure ta a jikin bodi da jikin inji. Duk wutar da ta je kik ta nan take komawa batir, kuma wurin yakan yi tsatsa ba wanda ya leƙa.

Abu biyu nake roƙon kada ki bari a yi wa motarki. Na farko, cire kan batir injin yana aiki wai don a ga ko altaneto na caji. A zamanin 504 mai kafireto an yi haka an kwana lafiya, domin babu abin da zai ƙone. A motar da ke da ƙwaƙwalwa, batir shi ke shanye hawa da saukar wutar altaneto, in an cire shi wutar na iya yin tsalle ta ƙona abin da bakanikenki na biyu ya ce ya lalace alhali lafiyarsa ƙalau. Haka ma ɗauko batirin wata mota a tayar da taki sannan a zare a mayar da naki injin yana gudu. Na biyu, jona waya da gaggawa ba a duba alama ba. In za a ara miki wuta, ja zuwa ja, wato tarawa da tarawa. Baƙar waya daga ragin batir mai kyau, ɗaya bakin nata a maƙala shi a wani ƙarfen inji na motarki nesa da batir, domin batir yana fitar da iska mai kamawa da wuta. In aka juya su, ko na daƙiƙa ɗaya ne, babban fiyus zai tafi, wani lokaci har da altaneto. Turi kuma ba ya tayar da otomatik, kada 'yan unguwa su wahalar da kansu.

Tunda an ambata miki famfo, bari in faɗa miki yaushe ne maganarsa ke tasowa, domin wata rana za ki iya faɗawa gida na biyu: injin yana juyawa da ƙarfinsa, ba ya kamawa. Nan ana neman mai, da tartsatsin fulogi, da matsin iska a cikin silinda, kuma kowanne ya zo a kan lokacinsa. Kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15 a jere; a bar kik ya huta kamar rabin minti, in ba haka ba a ƙara ciwo a kan ciwo.

Kafin komai, makullin kansa. Motoci da yawa na bayan shekarar 2000 suna da ɗan ƙwayar tsaro a cikin kan makulli. In motar ba ta gane shi ba, za ta bar kik ya juya amma ta hana mai ko wuta. Alamarsa 'yar fitilar tsaro da ke ƙyaftawa. In an sa makulli na gaskiya sai ta mutu, in ta ci gaba da ƙyaftawa ba ta yarda da shi ba. Makullin da aka yanka a bakin kasuwa zai buɗe ƙofa, zai murɗa, ba zai tayar ba. Masu motar dannawa kuma, in ɗan batirin rimot ya mutu, a kanga rimot ɗin a jikin maɓallin tashi a danna.

Sai mai. Allurar tanki tana ƙarya, musamman in an taɓa buɗe tankin an lanƙwasa abin da ke iyo a ciki. Ana cewa a buɗe makulli a saurari kukan famfo na daƙiƙa biyu daga wajen kujerar baya, kuma gaskiya ne a motoci da yawa, amma Toyota da dama ba sa kunna famfo sai injin ya fara juyawa. Na ga an sauke famfo mai lafiya saboda wani bai ji kukansa ba. Kafin a taɓa tanki a duba fiyus ɗin da aka rubuta wa EFI, a musanya rilen famfo da wani irinsa. Hujja ta gaskiya ita ce agogon gwada ƙarfin mai. Irin injinki yana son tsakanin 44 da 50 a ma'aunin da masu faci ke auna iskar taya da shi. Gwajin gaggawa shi ne a ɗan fesa maganin wanke kafireto a bakin shigar iska a murɗa. In ta kama ta mutu, wuta na nan, mai ne ba ya zuwa. Tsiyaya fetur daga gora a wurin kuwa, na ga gemun da ya ƙone a kansa.

Famfo yana mutuwa da yawa a 'yan shekarun nan, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. A cikin tanki yake zaune, fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, mutane suka koma yawo da jar fitila a kunne, lita uku yau, lita biyu gobe, famfo yana aiki da zafi yana tsotsar dattin gindin tanki. Ga man 'yan bumburutu da ba a san abin da aka gauraya masa ba, ga ruwan da ke shiga tankunan ƙasa da damina. Ko a farkon 2022 an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima ƙasar nan, ya lalata motoci kafin a janye shi. Shi ya sa tambayata ta farko ga duk wanda motarsa ke juyawa ba ta kamawa ita ce: a ina ka sha mai jiya? Waɗanda suka mayar da motarsu mai amfani da iskar gas su ma su sani, yawancin irin haɗin nan da fetur mota ke tashi kafin ta koma gas, tanki fanko zai hana ta.

Akwai kuma akasin haka, mai ya yi yawa. An tayar da mota da sanyin safiya, an matsar da ita daga bakin ƙofa, an kashe nan take. An dawo ta ƙi kamawa, ga warin fetur. Fulogi ne suka jiƙe. A take totur har ƙasa a riƙe, a murɗa; motoci masu nozul da yawa suna yanke mai in sun ga haka, iska ta busar da silinda.

Wajen wuta, injinki kowane fulogi da kwayil ɗinsa mai ba shi wuta, guda huɗu. Kwayil ɗaya in ya mutu mota za ta tashi tana rawa, ba za ta ƙi tashi ba, saboda haka wanda ya ce a sayi huɗu a tambaye shi yadda aka yi suka mutu rana ɗaya. In babu tartsatsi a dukkansu, abin da ya haɗa su ake nema: fiyus, waya da ɓera ya ci, ko sensar da ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa injin yana juyawa. In wannan sensar ta yi shiru, ƙwaƙwalwa ba za ta ba da mai ko wuta ba. Ki kalli allurar gudun inji lokacin da ake murɗawa. A motoci da yawa takan ɗan motsa, in ta kwanta shiru akwai abin dubawa. Halin wannan sensar ne mota ta mutu da zafi, ta ƙi tashi, a bar ta ta huce rabin awa ta tashi kamar ba abin da ya faru. Tsofaffin Honda Accord da Civic na shekarun 1990 suna da irin wannan hali ta wata hanya: babban rilensu da ke ƙarƙashin sitiyari, dalmar da ke cikinsa takan tsage, in mota ta sha rana a rufe sai ta ƙi kamawa. Ɗan narka dalma ake yi a wurin, an gama.

Matsi kunne ke fara jin sa. Inji mai lafiya in kik na juya shi akwai tudu da gangare a ƙarar. In ya koma gudu sumul da sauri, kamar ba abin da ke tare shi, matsi ya tafi. Ko dai bel ɗin tayimin, mai daidaita motsin bawul da fistin, ya tsinke, ko mota ta yi zafi ta ƙona gasket. A Accord ta 1998 zuwa 2002, da masu silinda shida na bayanta, in bel ya tsinke fistin na iya dukan bawul, don haka a daina murɗawa. Ke wannan bai cika shafarki ba, Corolla ɗinki sarƙa gare ta. Abin da zai shafe ki shi ne damina. In mota ta mutu a tsakiyar ruwa, kada a taɓa makulli. Ruwa ba ya matsuwa. In ya shiga silinda aka tilasta wa kik, sandar fistin ce ke lanƙwashewa, aikin fulogi ya koma sauke inji. A jawo ta waje, a duba matatar iska, in a jiƙe take a cire fulogi duka kafin a juya. Inji da ruwa ya cika shi ma ƙas ɗaya yake yi, amma shi fitila za ta dushe, kuma ba ya tashi a karo na shida.

Game da kwamfutar gwaji, motarki tana da wurin jona ta a ƙarƙashin sitiyari, mai ramuka 16. Duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka tun 1996 tana da shi. Tana da amfani ƙwarai a gida na biyu. Lamba P0335 tana nuni ga sensar juyawar inji, P0340 ga ta sandar bawul. Amma lambar layin take nunawa, ba ta ce sensar ce ta mutu ba. Sau da yawa soket ne ya saki ko waya ta gutsure. Batir mai rauni kuma yakan sa ƙwaƙwalwa ta tara lambobin ƙarya bila adadin, wanda bai sani ba ya karanto miki su ya ce biren bokis ya taɓu. A shekarun da na yi ina wannan aiki, ƙwaƙwalwar da na tabbatar ta mutu ba su da yawa, kuma kusan duk ko ruwa ne ya shige su, ko an juya kan batir, ko mai walda ya yi aiki a jikin mota bai cire batir ba. Ciwon kik kuwa kwamfuta ba ta ma ganinsa.

Ki yi gwajin bango gobe, ki murɗa kawunan batir da hannu, ki gwada N. Daga nan ki kai ta wurin mai wayarin, ba bakaniken inji ba, kuma in da hali ki bar ta ta kwana a can domin ya same ta da sanyi tana cikin halinta. Mota in ta ga gareji takan yi lafiyar ƙarya. Ki ce ya auna miki batir a zaune, da lokacin murɗawa, da bayan ta tashi, ki rubuta lambobin uku a takarda. In ya sauke kik ya buɗe solinoyid, ki ce ya nuna miki tagullar a tafin hannunsa. Wadda ta ci za ki gan ta baƙa, da rami a gefe ɗaya kamar an ɗebe da cokali.